Marigayi Audu Bako da Kuɗin Jihar Kano

Da edita ya nemi in rubuta wani abu a wannan fitowa, sai na tuna ranar da aka kwashi 'yan ajinmu a motar makaranta aka kai mu Tiga, lokacin ana tsakiyar aikin madatsar ruwa. Waɗanda muka je tare za su tuna ƙurar da muka sha, da yadda malaminmu na labarin ƙasa ya yi ta fama ya nuna mana inda ruwa zai kwanta, mu kuwa hankalinmu yana kan katafila. Ban gane cewa kasafin kuɗi nake kallo a ranar ba, sai bayan na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗin gwamnati. Shi ya sa nake so in ɗan ba da tarihin mutumin da ya sa aka yi wannan aiki, watau Alhaji Audu Bako, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, domin mahaifinsa ma ɗan sanda ne. Ya yi Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ya yi ta hawa. Da Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 ran 27 ga watan Mayu 1967, sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yanzu. Jihar ba ta kama aiki sosai ba sai ran 1 ga watan Afrilu 1968, ranar da shekarar kuɗi take farawa a wancan zamani.

Baitulmalin da ya tarar ba shi da nauyi. Ana cikin yaƙin basasa, kuɗin tarayya can suke tafiya. Abin dogaro shi ne haraji da jangali, waɗanda En'e take tarawa ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa, sai kuma gyaɗa. A 1970 aka yi dokar da ta ce a raba asusun jihohi gida biyu, rabi kowa ya samu daidai, rabi kuwa bisa yawan jama'a. Kano Allah ya ba ta jama'a, saboda haka rabonta ya yi kauri. Sa'an nan a 1973 farashin mai ya tashi, kuɗi suka shigo irin waɗanda ba a taɓa gani ba.

To, a nan ne ake gane gwamna. Kowane kasafi kashi biyu ne: na yau da kullum, watau albashi da man mota da takardun ofis, da kuma na ayyukan raya ƙasa. Na farko yana da baki, in ka hana shi gobe za ka ji kuka. Na biyu ba ya magana, shi ya sa in kuɗi suka gaza shi ake fara yankewa. Audu Bako ya tsaya wa na biyun, kuma ya zuba shi a ruwa. Ya gina madatsar Bagauda, sa'an nan ta Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, aka ja ruwa zuwa gonakin Kadawa domin noman rani. Ana cikin wannan aiki farin 1972 zuwa 1974 ya sauka, amfanin gona ya ƙone, shanu suka mutu, masu cewa an binne kuɗi a daji suka yi shiru.

Ba duka ayyukansa suka sami wannan shaida ba. Gidan zu da otal ɗin Bagauda sun sha surutu. Har a ƙungiyar muhawara ta makarantarmu mun yi gardama ko ya dace a ciyar da zaki da kuɗin talaka, kuma ni ina cikin waɗanda suka ce bai dace ba. Alƙalan muhawara sun kayar da mu, amma har yau ban gama sauka daga ra'ayina ba.

Akwai kuma abu biyu da kasafin wancan zamani bai hango ba. Na farko kuɗin gyara. Gini yana shiga kasafi shekara uku ko huɗu, kula da shi kuwa sai ya shiga kowace shekara, ga shi ba a yanka kirtani a kansa balle wani ya sami suna. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Na biyu mutanen da ke can ƙasa da madatsa. Ruwan da aka tare a Tiga shi ne dā yake malala fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina. Da ambaliyar ta ragu, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu, kuma asararsu ba ta da layi a littafin ma'aji, alhali Haɗeja a cikin jiharsa take.

Ran 29 ga watan Yuli 1975 aka yi juyin mulki, Janar Murtala Muhammad ya sauke gwamnoni duka, ya sa aka binciki dukiyarsu. Cikin 12, biyu kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako ba ya cikinsu. Na san akwai 'yan'uwa da ba za su so in ambaci wannan ba, amma malamanmu ba su koya mana mu tsallake layi a lissafi ba. Ya koma gona, ya rasu a 1980. Daga baya aka sa sunansa a sakatariyar jiha, da gidan zu, da kwalejin aikin gona ta Dambatta.

Kwanan baya na bi hanyar Zariya da rani, na tsaya a Kwanar Gafan na sayi tumatir kwando guda. Yaron da ya ɗora mini shi a mota na tambaye shi ko ya san wanda ya gina Tiga. Bai sani ba. Ya dai ce ruwa ya yi jinkirin isowa gonarsu bana, domin ciyawa ta toshe magudanar.