Richard Woltereck (1877–1944) da Kwalkwalin Ƙumar Ruwa

Idan ambaliya ta janye daga fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru, a ƙasashen Sabon Birni da Isa, takan bar tafkuna cike da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa. Abincinsu na farko shi ne wasu mitsi-mitsin halittu masu shawagi a ruwa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar masanin da ya nazarci ɗaya daga cikinsu, wato Daphnia ko ƙumar ruwa, ya sauya yadda ake fahimtar gado da muhalli, alhali babban dalilin abin da ya gani ya ɓuya gare shi.

An haifi Richard Woltereck a Hannover ta Jamus a 1877. Ya yi karatu a Freiburg a hannun August Weismann, ya bi ayarin binciken teku na jirgin Valdivia daga 1898 zuwa 1899, sannan ya koyar a Jami'ar Leipzig. Ya kuma jagoranci tashar nazarin tafkuna ta Lunz a Ostiriya.

Ƙumar ruwa ba ta fi ƙwayar gero girma ba, kuma galibi macen kan haihu ba tare da namiji ba, don haka 'ya'yanta gadonsu ɗaya da nata. Woltereck ya reni zuriyoyinta a kwalabe, yana sauya musu abinci da ɗumin ruwa. Sai ya ga tsinin da ke kansu, mai kama da kwalkwalin mayaƙi, yana tsawo ko gajarta gwargwadon yanayi, kuma kowace zuriya da irin nata sauyin. A 1909 ya kira wannan Reaktionsnorm, wato mizanin martani: abin da ake gada ba siffa guda ba ce, iyakokin da siffar za ta iya sauyawa ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma saurin gudun ya danganta da dajin da ya tashi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin agaza wa fursunonin yaƙi a birnin Bern tare da marubuci Hermann Hesse, suka kafa mujallar Vivos voco a 1919. Daga baya ya binciki tafkunan Filifin da Sulawesi, ya koyar a Ankara, ya rasu a Seeon a 1944.

Abin da bai gano ba shi ne rawar mafarauta. A 1961 Jaroslav Hrbáček ya nuna cewa yawan kifi na rage manyan ƙumomin ruwa, John Brooks da Stanley Dodson suka tabbatar da haka a tafkunan Connecticut ta Amurka a 1965. Kifi da ido yake farauta, yana zaɓen manya, don haka waɗanda suka tsira sukan balaga da wuri, su haifi ƙanana da yawa. Tsutsar ƙwaron Chaoborus kuwa ƙanana take iya kamawa. A 1981 aka nuna cewa sinadarin da take saki a ruwa kaɗai ya isa ya sa ƙumar ta fito da ƙayoyi a ƙeya. Ashe wani sashe na siffofin da Woltereck ya auna garkuwa ce.

Wannan na daga dalilan da masana ke kawowa kan ƙarancin Daphnia a ruwayen ƙasashe masu zafi, inda kifi ke kiwo duk shekara, ƙananan danginta irin su Moina suka fi yawa. Su ne kuma masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke renowa don ciyar da 'ya'yan kifi. Masuntan Gobir sun san lokacin da ruwan tafki ke sauya launi da lokacin da kifi ke ƙiba. Tattara kalmominsu kan waɗannan abubuwa aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, tun dattawan da suka riƙe su suna raye.