Rafael Garza Gutiérrez: Ba a Auna Mai Aza Harsashi da Yawan Kofuna

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin kimiyyar harshe da ƙwallon ƙafa, ballantana ƙwallon ƙasa mai nisa kamar Meksiko. To, kalma ce ta kai ni can. Ina cikin shirya wa ɗalibaina darasi a kan aron kalmomi, ina kwatanta yadda Bahaushe ya karɓi gola da fenareti da kwana daga bakin Turawan Ingila, da yadda masu magana da Sifaniyanci suka karɓi fútbol da gol daga wannan tushe, sai na ci karo da kalmar récord. Ita ma aro ce daga Ingilishi, ma'anarta bajintar da ba a taɓa yin irinta ba. Amma a tarihin ƙwallon Meksiko, Récord laƙabin wani mutum ne, wato Rafael Garza Gutiérrez, wanda aka haifa a 1896, ya rasu a 1974. Da na bi sawun rayuwarsa sai na tarar cewa mai wannan laƙabi ya sha kaye a manyan filayen duniya fiye da yadda ya yi nasara, amma hakan bai hana mutanen ƙasarsa lissafa shi cikin iyayen wannan wasa ba.

Turawan Ingila ne suka kai ƙwallon ƙafa Meksiko, musamman masu haƙar ma'adinai a yankin Pachuca da ma'aikatan masaƙa a Orizaba. Lokacin da aka fara gasar lig a 1902, ƙungiyoyin da suka fafata duk na baƙi ne. Daga baya mutanen Sifaniya mazauna ƙasar suka kafa nasu, kamar España da Asturias, suka karɓe ragamar gasar. Shi kuwa ɗan ƙasa, akasari ɗan kallo ne a cikin gidansa.

A cikin wannan hali ne, ƙasar kuma tana fama da yaƙin juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, Garza Gutiérrez da abokansa 'yan makaranta suka kafa wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai suna Récord a birnin Meksiko. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka haɗe da wata ƙungiyar ɗalibai mai suna Colón ranar 12 ga Oktoba, 1916, lokacin yana ɗan shekara 19. Da yake ranar ce ake tunawa da isar Kolumbus nahiyar, sai suka raɗa wa sabuwar ƙungiyar suna América. Ya kamata mai karatu ya lura, a Sifaniyanci wannan suna na nahiyar ne baki ɗaya, ba na ƙasar Amurka ba. Samarin suna shelar cewa su 'ya'yan wannan ƙasa ne, ba 'yan ci-rani daga Turai ba, kuma da 'yan ƙasa suka shiga babbar gasa.

Ba su yi shekara goma ba suka nuna cewa ɗan gida ma ya iya. América ta ɗauki kofin lig sau huɗu a jere, daga kakar 1924-25 zuwa ta 1927-28, Garza Gutiérrez yana tsaron baya, a wasu daga cikin shekarun kuma shi ne mai horar da 'yan wasan. Haka nan Meksiko ta fara haɗa tawagar ƙasa a 1923 domin karawa da Gwatamala.

Sai dai fa gida daban, waje daban. A gasar Olamfik ta 1928 a birnin Amsterdam, Sifaniya ta lallasa su da ci 7 da 1. A 1930 aka shirya gasar cin kofin duniya ta farko a Yurugwai, ƙasashe 13 kacal suka halarta, shi kuwa Récord, yana ɗan shekara 33, shi ne kyaftin ɗin Meksiko, ɗan'uwansa Francisco ma yana cikin tawagar. Ranar 13 ga Yuli, wato ranar da aka buɗe gasar, suka kara da Faransa a birnin Montevideo, inda Lucien Laurent ya zura musu ƙwallon farko a tarihin kofin duniya, aka tashi 4 da 1. Chile ta ci su 3 da nema, Ajantina kuma 6 da 3.

Abin da ya same shi a 1934 ya fi wannan ciwo. A matsayinsa na mai horarwa, ya doke Kuba sau uku a wasannin share fage, ya kwashi yaransa suka ƙetare teku a jirgin ruwa har Italiya, domin a birnin Rum aka tsara za su kara da Amurka a kan gurbi guda. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana uku a buɗe gasar, Amurka ta ci su 4 da 2, mutum ɗaya, Aldo Donelli, ya zura ƙwallayen huɗu. Suka zo har bakin ƙofa, aka rufe ta a kan idonsu.

A nan ne nake ganin darasin yake. Da a zamaninmu ne, da kafin jirgin ya dawo an sallame shi, an kuma shafe sunansa. Amma mutumin bai yi zuciya ba, ƙasarsa ma ba ta yar da shi ba. A 1938 ya jagoranci tawagar ta ciyo lambar zinariya a wasannin ƙasashen Amurka ta Tsakiya da Karebiyan a Panama. A 1949 aka sake kiran sa, Meksiko ta cinye wasanninta huɗu na share fage, ciki har da casa Amurka 6 da nema da kuma 6 da 2, ta sami gurbin zuwa Brazil a 1950. Shekara 15 ya jira kafin ya rama kayen Rum a wasannin share fage. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Ba ina cewa ya mayar da Meksiko zakaran duniya ba ne. Sai a 1958 ta sami makinta na farko a kofin duniya, da ta yi kunnen doki da Wales, sai kuma a 1962 ta ci wasanta na farko, a kan Cekoslobakiya. Ita ma América ta sauya kama bayan attajirin talabijin Emilio Azcárraga Milmo ya saye ta a 1959, ta koma ƙungiyar masu kuɗi da ke sayo taurari daga waje, saɓanin ruhin da aka kafa ta a kai. Duk da haka, Récord ya rayu har ya ga ƙungiyar da ya kafa da 'yan makaranta ta tare a katafaren filin Azteca a 1966, ya kuma ga ƙasarsa ta karɓi baƙuncin kofin duniya a 1970. Ya rasu a watan Yulin 1974 yana da shekara 77. América kuwa ita ce ta fi kowace ƙungiya yawan kofunan lig a ƙasar, Meksiko kuma ta sake zama mai masaukin baƙi a 1986, aka kuma ba ta na 2026 tare da Amurka da Kanada.

Tambayar da nake son mai karatu ya tafi da ita ita ce, da wane mudu muke auna mutanenmu? Wanda ya fara abu shi ke shan kayen farko, domin babu sawun da zai bi. Idan sakamakon wasa kaɗai za a duba, Garza Gutiérrez kyaftin ne da ya faɗi wasa uku a jere. Idan kuwa aka dubi abin da ya tarar da abin da ya bari, to ya cancanci laƙabinsa. Mu da muke cika gidajen kallo muna musu a kan ƙungiyoyin Turai, muna raina malamin da ke tara yaran unguwa a fili mai ƙura da yamma, ya kamata mu tuna cewa irin waɗannan yaran ne suka kafa América.