Oskar Barnack, Maƙerin da Ya Sa Kyamara ta Shiga Aljihu

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, mutumin da na ke so in ba ku tarihinsa ba sarki ba ne, ba kuwa mayaƙi ba. Wani Bajamushe ne mai ciwon fuka, wanda ya ƙare yawancin kwanakinsa a bakin teburin ƙira. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, na sami labarin akwai waɗansu masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka da Japan waɗanda su ke riƙe da wata kyamara ta dijital da aka fitar tun 2009, sun ƙi rabuwa da ita, alhali kuwa masu yin ta sun daina ƙera waɗansu kayan gyaranta. Mu nan kuwa, wayar da ta shekara biyu a hannu har mun fara jin kunyar fitar da ita gaban abokai. Da na bi sawun wannan al'amari, sai ya kai ni wurin Oskar Barnack.

An haife shi ran 1 ga watan Nuwamba, 1879, a wani ƙauye da a ke kira Lynow, kudu da birnin Barlin. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa bakin Barlin, a can ya yi makaranta. Tun yana yaro ransa ya kwanta ga zane, yana so ya zama mai zana itatuwa da duwatsu da koguna. Amma mahaifinsa ya ga gara sana'ar da za ta ci da shi, sai aka kai shi wurin wani maƙerin ƙananan na'urori ya zama ɗan koyo. Da ya gama, ya bi al'adar masu sana'a na Jamus, watau ya yi yawo gari gari yana aiki a ƙarƙashin gwanaye dabam dabam, don hannunsa ya faɗa sosai. A cikin 1902 ya sami aiki a kamfanin Carl Zeiss da ke garin Jena, inda a ke yin madubin likita da sauran kayan gilashi.

Son zane bai bar shi ba, sai dai ya juye ya zama son ɗaukar hoto. In ya sami hutu ya kan shiga daji ko ya hau tudu neman wuri mai kyaun gani. To, ku tuna da irin kyamarar zamanin. Kakanninmu sun ga irinta a hannun masu hoto na da: babban akwati bisa ƙafafu uku, da baƙin ƙyalle wanda mai hoto ke lulluɓe kansa da shi. Ba fim a ke sa mata ba, allunan gilashi ne masu nauyi, kowane allo hoto ɗaya. Ƙaƙƙarfan mutum ma in ya ɗauki wannan kaya ya hau tudu sai ya yi haki, balle mai fuka. Barnack ya ga ko dai ya bar hoto, ko kuwa ya rage wa kayan nauyi.

Dabarar da ta zo masa ita ce, a ɗauki hoton ƙarami ƙwarai, in an zo wankewa a haska shi bisa takarda a ƙara masa girma. Wajen 1905 ya gwada wannan, ya raba allon gilashi guda ya ɗauki ƙananan hotuna da yawa a kansa. Da aka ƙara musu girma sai suka fito duk tsaki-tsaki, ba kyaun gani, don maganin da a ke shafa wa allunan ba shi da laushin da zai riƙe ƙananan abubuwa. Ya ajiye dabarar, amma bai manta da ita ba.

Wani abokinsa, Emil Mechau, ya bar Zeiss ya koma kamfanin Ernst Leitz da ke garin Wetzlar, ya yi masa hanya a can. Barnack bai ɓoye halin da ya ke ciki ba. Ya sanar da su cewa ƙirjinsa ba lafiya, kowace shekara sai ya bar aiki na ɗan lokaci ya tafi jiyya. Mai kamfanin ya ji wannan duka, ya ɗauke shi duk da haka. Ya kama aiki a farkon 1911, aka ba shi ɗakin gwaje-gwaje.

A nan ya fara ma'amala da fim na silima, irin wanda a ke nuna majigi da shi, mai faɗin milimita 35. Ya lura wannan fim yana da laushi, tun da ya ke hoton da bai kai kan sarki girma ba a kan haska shi ya cika bango. Kowane hoto na silima milimita 18 ne da 24. A cikin injin silima fim daga sama ya ke gangarowa ƙasa, shi kuwa sai ya kwantar da shi ya riƙa tafiya ta gefe, ya haɗa gurbin hoto biyu ya zama ɗaya, watau milimita 24 da 36. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera ɗan akwatin ƙarfe wanda zai shiga aljihun kwat, ya sa masa wannan fim. Da shi ya ɗauki hotunan titunan Wetzlar da na 'ya'yansa. Ɗan mai kamfanin, Ernst Leitz na biyu, ya tafi da irinsa Amurka a 1914, ya komo da hotunan birnin New York.

Ana cikin haka sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, zancen sayar da kyamara ya tsaya. Wannan yaƙi kuwa ya taɓa mu, don a lokacin Jamus ke mulkin Kamaru, har da ƙasar Gashaka da tsaunin Mambila waɗanda yanzu su ke cikin Jiharmu ta Taraba. Shekara goma cur kyamarar ta yi ba ta shiga kasuwa ba, Barnack yana ta ɗaukar hoto da ita yana gyara abin da ya ga bai yi ba. A cikin 1920 kogin Lahn ya cika ya shiga garin Wetzlar. Ya fita da 'yar kyamararsa ya ɗauki mutane suna fama da ruwa a kan tituna, abin da mai babban akwati ba zai iya ba, don kafin ya kafa ƙafafu uku abin ya wuce. Mu mutanen Nukkai mun san ambaliya, har yanzu iyayenmu suna ba da labarin ruwan da ya karya gadarmu a 2005. Mun san kuwa irin wannan rana ba ta jiran mai hoto ya shirya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙaramin hoto ba zai jure ƙarin girma ba sai idon kyamarar ya zama mai kaifi ƙwarai. Wani masanin lissafin gilashi na kamfanin, Max Berek, shi ya tsara mata ido. A 1923 aka ƙera 'yan kaɗan, aka rarraba don gwaji. Da aka zauna shawara a 1924, da yawa daga manyan kamfanin suka ƙi, suna ganin abin wasan yara ne, ga shi kuɗin Jamus bai daɗe da lalacewa ba, mutane da yawa ba su da aikin yi. Ernst Leitz na biyu ya saurare su duka, sa'an nan ya yanke cewa za a yi, ko don ma'aikatansa su sami abin yi. A kasuwar baje koli ta Leipzig ta 1925 aka fito da ita. Aka ɗauki farkon sunan Leitz da farkon kalmar kyamara aka haɗa, aka sa mata suna Leica.

Sauran abu ɗaya. Mai hoto ya kan kintaci nisan abin da zai ɗauka ne, ko ya ɗora wani ma'auni dabam a kan kyamarar, in ya kuskure hoto ya fito dishi-dishi. A 1932 Barnack ya fito da Leica ta biyu wadda ma'aunin nisa ke cikin jikinta. Yadda ya ke aiki ba wuya, har kuna iya nuna wa 'yan aji huɗu. Ku miƙa babban yatsa gabanku, ku rufe idon dama, sa'an nan ku buɗe shi ku rufe na hagu. Za ku ga yatsan ya yi tsalle. In kun jawo shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru, in kun nisanta shi ya ragu. Haka kyamarar ta ke da 'yan tagogi biyu a gaba kamar idanu. Mai hoto in ya leƙa sai ya ga abu ya zama biyu, ya riƙa murɗa zoben idon kyamara har biyun su haɗu su zama ɗaya. Da sun haɗu, an sami nisa ke nan.

Masu hoton jarida suka rungume ta. Wani Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson, ya sayi tasa a 1932 bayan ya komo daga ƙasar Kwaddibuwa, ya kan liƙe wuraren da ke ƙyalli da baƙin tef don kada a lura da shi, bai kuwa sauya zuwa wata iri ba har ya tsufa. Amma Barnack bai daɗe yana ganin wannan ba. Jikinsa ya yi ta raguwa, ya rasu ran 16 ga watan Janairu, 1936, a garin Bad Nauheim, yana da shekara 56.

To, yanzu bari mu koma ga masu tsohuwar kyamarar nan. Bayan rasuwarsa kamfanin ya ci gaba bisa tsarinsa. A 1954 aka fito da M3, wadda aka haɗa mata tagar duba hoto da ma'aunin nisa wuri ɗaya. Da zamanin dijital ya zo, kamfanin Epson na Japan ne ya riga kowa yin mai ma'aunin nisa a 2004, Leica ta biyo da M8 a 2006. Sa'an nan ran 9 ga watan Satumba, 2009, aka fito da M9. A maimakon fim, tana da wani ɗan allo mai karɓar haske da a ke kira sensa, girmansa kuwa milimita 24 da 36, daidai awon da Barnack ya yanka da hannunsa kafin yaƙi.

Kada ku zaci ba su da aibu. M8 ta kan mai da waɗansu baƙaƙen tufafi su fito ja-ja, har sai da kamfanin ya raba wa masu ita wani gilashi na ɗorawa. M9 kuwa ba ta son duhu, ɗan gilashin bayanta na duba hoto bai kai na wayar da ke aljihunku ba. Mafi muni, gilashin da ke rufe sensarta ya kan lalace in danshi ya shige shi, tabo ya riƙa fitowa a hoto. Da a nan bakin Binuwai ta ke, da damina ba za ta ji daɗi ba. Kamfanin ya yi shekaru yana sauya wa mutane, amma a 2020 ya sanar cewa an daina yin irin wannan sensa. Duk da haka masu ita ba su yar ba. Waɗansu suna kai wa masu gyara na waje a ɓamɓare gilashin da ya lalace a sa wani.

Wani zai ce ai sabo turken wawa ne. Akwai gaskiya a ciki, don wanda ya biya wajen dala 7,000 ya sayi abu ba zai so a ce ya tsufa ba, akwai kuma masu saye don alfahari kurum. A 2022 an yi gwanjon ɗaya daga cikin na gwajin 1923, wadda Barnack ya riƙe da kansa, aka saye ta Yuro miliyan 14.4, ba na zaton mai ita zai fita da ita ɗaukar hoton biki. Amma ni a ganina akwai abin da ya wuce sabo. Waɗansu masu M9 suna cewa launin hotonta ya fi musu daɗin ido. Ban da wannan, kyamara ce da ba ta yi wa mutum shawara. Shi zai auna nisa da yatsunsa, shi zai zaɓi yawan hasken da zai shiga, in hoto ya yi kyau ya san aikinsa ne. Ba ta da nauyi, ba ta tsorata wanda a ke ɗauka. Idon kyamarar da aka ƙera a 1954 yana hawa kanta, na zamanin Barnack ma yana hawa in an sa ɗan zobe a tsakani. Watau an ƙera ta ne bisa awon hannun mutum da ƙarfinsa, hannun mutum kuwa bai sake ba tun 1914. Manomin da ƙotar fartanyarsa ta saba da tafinsa ya san wannan, ya kan sake ruwan fartanya ya bar ƙota.

Mu da za mu fita koyarwa, akwai abin da ya shafe mu a nan. A kowane aji za ku tarar da yaro mai tari wanda ba ya iya gudu a fili, ko wanda ke cika bayan littafinsa da zane, a kan sa su a baya a manta da su. Darasin aikin hannu kuwa shi ne na farkon da mu ke cinyewa in jarrabawa ta matso. Barnack ya haɗa duka biyu, ga ciwo ga zane, bai kuwa shiga jami'a ba. Da mai kamfanin nan ya duba ƙirjinsa ya ƙi duban hannunsa, da wani labari a ke yi. Tun 1979 a ke ba da kyautar ɗaukar hoto da sunansa, amma wanda ya ba shi teburin aiki a 1911 bai san za a yi haka ba, yaron kirki kurum ya gani mai gwanintar hannu.

Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwa, ran da aka tura mu gwajin koyarwa, kowa ya nemi irin wannan yaro a ajinsa tun makon farko, ya san sunansa, ya tambaye shi abin da ya iya yi da hannunsa. Allah ya ba mu ikon lura.