Teyodor Mono, masanin teku da hamada

An haifi Teyodor Mono ran 9 ga watan Afrilu 1902 a garin Rouen na ƙasar Faransa. Yana da shekara 20 kacal ya kama aiki a babban gidan nazarin halittu na birnin Paris, sashen binciken kifi.

Cikin 1922 aka aika shi Nuwadibu, a gaɓar tekun Muritaniya, domin ya binciki kifayen wurin da sana'ar su. Wannan karatu ba cikin aji ake yin sa ba. Sai mutum ya jira ruwa ya janye, ya shiga taɓo, ya ɗaga duwatsu, ya bi masunta, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Littafin da ya ba shi digirin dakta a 1926 a kan wasu ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa ne masu shan jinin kifi.

Kudu da Nuwadibu akwai wata gaɓa mai suna Argin. Ruwanta ba shi da zurfi, ciyawar teku ta rufe ƙasansa. Nan ƴaƴan kifi ke girma, nan kuma tsuntsaye masu ƙaura daga arewa ke sauka. Mono ya gane cewa in aka bar manyan jirage suka yashe wurin, masuntan Imragen ne za su fara kwana da yunwa. Bai daina jan hankalin hukuma ba har 1976, lokacin da Muritaniya ta mai da Argin gandun da doka ta tsare. Imragen kaɗai aka bar wa su a ciki, da kwale-kwalensu marasa inji.

A wannan gaɓa rairayi ya zo har bakin ruwa, kuma daga nan hamada ta ja shi. Cikin 1923 ya bi ayarin raƙuma zuwa Senegal, daga baya ya ratsa Sahara sau da yawa, galibi da ƙafa. Mutanen Adar ba za su yi mamakin masanin kifi a tudu ba: farin dutsen da ake haƙa a Malbaza don siminti ƙarƙashin teku ya taru, shekaru miliyoyi da suka wuce, har yau ana tsintar katantanwa da ta zama dutse cikinsa.

Daga 1938 zuwa 1965 ya shugabanci cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, wadda reshenta na Yamai ya zama IRSH. A 1948 ya nutse kusa da tsibiran Kap-Ber tare da Ogust Pikar, cikin gwajin farko na jirgin da aka ƙera don shiga zurfin teku.

Bai sha giya ba, ya bar cin nama, kowace shekara kuma yakan yi azumi cikin watan Agusta don nuna ƙin bam na nukiliya. Ya rasu ran 22 ga Nuwamba 2000, yana da shekara 98.