Tarihin Malcolm X: Daga shan ƙwaya zuwa aikin Hajji

An haifi Malcolm Little ne ranar 19 ga watan Mayun 1925 a birnin Omaha na jihar Nebraska a Amurka.

Mahaifinsa, mai wa'azin Kirista, ya rasu a 1931, daga baya kuma aka kwantar da mahaifiyarsa a asibitin masu taɓin hankali, aka rarraba 'ya'yanta.

Ya yi samartakarsa a Boston da unguwar Harlem ta birnin New York, inda ya faɗa shan tabar wiwi da hodar iblis, yana kuma sayar da wiwin. A 1946 aka ɗaure shi bisa laifin fasa gidaje.

A kurkuku ne 'yan'uwansa suka riƙa aika masa da wasiƙu game da ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad. Ya daina shan taba da cin naman alade, ya duƙufa ga karatu.

Bayan an sake shi a 1952 ya koma amsa sunan Malcolm X, kuma a 1954 aka naɗa shi shugaban masallacin ƙungiyar a Harlem.

Ƙungiyar ta yi suna wajen raba mutane da shan ƙwaya. Kamar yadda littafin tarihin rayuwarsa ya bayyana, tsofaffin mashaya da suka daina ne ke nemo abokansu na da.

Da farko sai mutum ya amince cewa ƙwaya ta kama shi, a fahimtar da shi dalilin da ya jefa shi ciki, a farfaɗo masa da mutuncinsa. Sannan ya yanke shan a lokaci guda, 'yan'uwa na zaune da shi dare da rana har raɗaɗin ya wuce. In ya warke, shi ma ya fita nemo wasu.

Sai dai aƙidar ƙungiyar ta saɓa wa Musuluncin da sauran duniya ta sani, musamman kan wariyar launin fata.

A 1964 Malcolm ya fice daga cikinta, ya rungumi tafarkin Sunna, ya sauke farali, aka san shi da Alhaji Malik El-Shabazz. A shekarar ce ya ziyarci Najeriya, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan.

An harbe shi ranar 21 ga watan Fabrairun 1965 yana shirin yin jawabi a New York. Ya rasu yana da shekaru 39.