Henry Dudeney: Akawun da Ya Tara wa Masana Zufa da Tsinken Ashana

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗan'uwa ɗalibi, nemo kwalin ashana. Jera tsinke 13, uku a kwance sama, uku ƙasa, bakwai a tsaye tsakaninsu, ka samu ɗakunan tumaki shida daidai wa daida. To, ɓarawo ya sace tsinke ɗaya. Da 12 ɗin da suka rage, sake fitar da ɗakuna shida masu girma ɗaya. Ni dai sai da na ci dare biyu a hostel.

Mai wannan wasa ƙwaƙwalwa shi ne Henry Ernest Dudeney, wanda aka haifa a Mayfield ta ƙasar Ingila a 1857. Bai taɓa shiga jami'a ba. Yana ɗan shekara 13 ya kama aikin akawu, lissafi kuwa da kansa ya koya. Ya yi ta aika wa jaridu wasanninsa da sunan aro Sphinx, daga baya mujallar Strand ta ba shi fili, ya riƙe shi shekara ashirin har rasuwarsa a 1930. Wasan tumakin nan yana cikin littafinsa Amusements in Mathematics na 1917. Shi ne kuma ya gano yadda za a yanka alwatika mai gefuna daidai gida huɗu kacal, a harhaɗa su su koma murabba'i.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsakaninsa da Sam Loyd, takwaransa na Amurka. Sun daɗe suna musayar wasiƙu, Dudeney na tura masa sababbin wasanninsa da zuciya ɗaya. Kwatsam sai ya riƙa ganin su a buge da sunan Loyd. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ya yanke hulɗa da shi, bai kuma yafe ba. Duk wanda ya taɓa kwana kan aikin rukuni, wani da ko sau ɗaya bai leƙo ba ya zo ya sa suna a sama, ya san zafin.

Af, amsar tumakin. Ka manta da ɗaki mai kusurwa huɗu, nan ne tarkon yake. Zagaya tsinke shida su ba ka siffa mai kusurwa shida, sauran shidan su taso daga kusurwoyin su haɗu a tsakiya. Ƙirga alwatikan da kanka.