Jaikishan Dayabhai Panchal

Jaikishan Dayabhai Panchal (4 ga Nuwamba 1929 – 12 ga Satumba 1971) makaɗi ne kuma mai tsara kiɗan fina-finai ɗan ƙasar Indiya. Shi da abokin aikinsa Shankar Singh Raghuvanshi sun yi shekara ashirin da biyu suna aiki da suna guda, wato Shankar–Jaikishan. Suna cikin waɗanda suka fi tashe a fina-finan harshen Hindi a shekarun 1950 da 1960.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Vansda, a jihar Gujarat ta yanzu. Tun yana yaro ya ƙware a hamoniya, wani abin kiɗa mai maɓallai da ake zuga masa iska da hannu. Da ya tasa sai ya tafi Bombai, wato Mumbai ta yau, neman abin yi. A can ya haɗu da Shankar, wanda ya girma a Hyderabad kuma gwani ne a tabla, ƙananan ganguna biyu da ake kaɗawa da yatsu. Shankar ne ya yi masa hanya ya samu aiki a Prithvi Theatres, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Prithviraj Kapoor.

Sana'a

Raj Kapoor, ɗan Prithviraj, shi ya fara ba su kiɗan fim sukutum a Barsaat (1949), kuma waƙoƙinsa sun karɓu ƙwarai. Daga nan suka yi Awaara (1951), wanda ya yi farin jini har a Tarayyar Sobiyet da Sin da Turkiyya, sai Shree 420 (1955), Chori Chori (1956), Anari (1959) da Sangam (1964). Marubuta biyu ne suka rubuta musu yawancin baitoci, Shailendra da Hasrat Jaipuri. Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Mukesh da Manna Dey na daga cikin waɗanda suka rera.

Kiɗansu ya haɗa kare-karen gargajiya na Indiya da taron makaɗa irin na Turawa, musamman masu goge da yawa a lokaci guda. Sebastian D'Souza ne ke rubuta wa kowane makaɗi rabonsa, Dattaram Wadkar kuma ke kula da ganguna. An fi yaba wa Jaikishan wajen kiɗan da ke raka labari, wanda ake ji a ƙarƙashin magana ko kuka ko faɗa.

Sun ci kyautar Filmfare ta gwanin kiɗa sau tara, ta farko da Chori Chori. Gwamnatin Indiya ta ba su lambar Padma Shri a 1968.

Rabon aiki da gardamar masoya

Sau da yawa kowannensu yakan ɗauki waƙoƙinsa ne ya tsara shi kaɗai, Shankar galibi tare da Shailendra, Jaikishan kuma tare da Hasrat Jaipuri. Amma duk abin da ya fita, da sunan su biyun yake fita. Wannan ya sa har yau masoyansu na gardama a kan wa ya yi wace waƙa. Wasu kan jingina waƙoƙin soyayya masu taushi ga Jaikishan, na rawa da na gargajiya kuma ga Shankar, alhali kowannensu ya yi iri biyun.

Rasuwa

Ya rasu a Bombai yana da shekara 41, sakamakon ciwon hanta. Ya bar matarsa Pallavi da 'ya'ya. Shankar bai cire sunan abokinsa ba, ya ci gaba da aiki da Shankar–Jaikishan har rasuwarsa a 1987. Biyu daga cikin kyaututtukan Filmfare ɗin nan tara, na Mera Naam Joker da Be-Imaan, sun zo ne bayan Jaikishan ya rasu.

A ƙasar Hausa

Lokacin tashensu ya zo daidai da lokacin da 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fina-finan Indiya Kano da sauran biranen Arewa, daga shekarun 1950. 'Yan kallo sun fi riƙe sunayen jarumai da muryoyin mawaƙa, ba kasafai ake ambaton mai tsara kiɗa ba. Tsarin saka waƙa da rawa a tsakiyar labari shi ne fina-finan Hausa suka ɗauka daga shekarun 1990.